Iraniyom namu ne, to ina lissafi?



Dalilin wanga rubutu wata gardama ce da munka yi a fadarmu nan Tawa, wani dare da wuta ta ɗauke tun bayan magariba. Shayi na biyu na kan gawayi, sai wani abokinmu ya kunna mana wata murya da anka turo mishi ta WhatsApp. Mai maganar cewa yake wai shekara da shekaru Faransa tana sayen kilon iraniyom ɗinmu dala ɗari da biyar, kuɗin da ba su cika tiyar hatsi ba idan damina ta yi tsakiya. Ya ƙara da cewa ranar da munka hana su ƙarfen nan, Turai duka za ta kwana cikin duhu. Fada ta ɗauki tafi. Ni ko na ce: "Wagga magana ba gaskiya ba ta."

Wuri ya yi tsit. Can sai mai salular ya dube ni ya ce: "Kai dai ɗan Faransa na. Nawa anka biya ka?"

Ban yi fushi ba, don na san inda zafin ya fito. Mu duka da ke zaune wurin, da fitilar salula muke bitar kaye idan jarrabawa ta matso. Mu duka mun taso muna ganin manyan motoci suna ratsa Tawa, masu hawa arewa ɗauke da farar wuta da kayan aiki, masu gangarowa ɗauke da gangunan ƙarfe, sojoji gaba da baya. Tun muna ƙanana anka gaya mana abin da ke cikin gangunan nan shi ke haska biranen Turawa, mu kuma a ƙasarmu mutum biyar da ƙyar guda ke da wutar lantarki a gidansa. Wanda bai ji haushin wannan ba, a duba lafiyarsa.

To amma haushi bai zama lissafi ba. Abin da nake so in faɗa a takardar nan guda ne: gaskiyar abin da anka yi mana ta isa mu yi kuka da ita, ba mu da buƙatar ƙara mata ƙarya, kuma ƙaryar da muke ƙara mata ita ce ke hana mu tambayar namu shugabanni abin da ya kamata mu tambaye su.

An cuce mu, wannan ba gardama

Bari in fara da inda munka yarda da juna, don kada wani ya sake ce mini ɗan Faransa.

A 1957, tun muna ƙarƙashin mulkin mallaka, masu binciken Faransa sunka ga alamar iraniyom a Azelik. Ranar 24 ga Afrilu 1961, ba mu cika shekara guda da samun ƴancin kai ba, Nijar da Kwaddibuwa da Dahome sunka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda a cikinta anka rubuta cewa ma'adinai irin su iraniyom, Faransa ce kan gaba wurin sayensu. A 1968 anka kafa SOMAÏR, ta fara fitar da ƙarfe daga Arlit a 1971. A 1974 anka kafa COMINAK, ta fara aiki ƙarƙashin ƙasa a Akokan a 1978. Kamfanin Faransa da ke jan ragamar su biyun ya canza suna daga COGEMA zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano, an dai sauya wa tuwo suna ne kawai.

Diori Hamani, da ya ga Larabawa sun ɗaga kuɗin man fetur a 1973, shi ma ya nemi a ɗaga kuɗin iraniyom. Ana cikin wannan ciniki sojoji sunka hamɓarar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974. Dalilin da sunka bayar shi ne yunwa da yadda anka yi da kayan agaji, kuma yunwar gaskiya ce. Amma sojojin Faransa da ke zaune Yamai a lokacin ba su motsa ba don su cece shi.

A 2013 ƙungiyar Oxfam da ROTAB ta nan gida sunka fitar da wani lissafi: ƙarfen da ma'adinan biyu sunka fitar har zuwa 2010 ya kai kimar miliyar 2300 na sefa, abin da ya shigo baitulmalin Nijar kuwa wajen miliyar 300 ne, wato kashi 13 cikin 100. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ɗaga harajin haƙa daga kashi 5 da rabi zuwa har kashi 12, amma sai a 2014, bayan an sha ja-in-ja da zanga-zanga, kamfanin ya yarda a yi mishi aiki da ita. Wace ƙasa ce ake roƙon baƙo ya bi dokarta shekara takwas? Don haka da gwamnati ta janye lasisin Imuraren a watan Yuni 2024, ta kuma mai da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yuni 2025, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Ƙarya biyu da muke lallashin kanmu da su

Ta farko ita ce ta dala ɗari da biyar. Farashin da ake sayen kilon iraniyom daga ma'adinanmu ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2007 jika 27 ne da dala 60. Tandja Mamadou ya taka ƙafa, har ya kori shugaban Areva na Nijar daga ƙasar a watan Yuli na shekarar, farashi ya koma jika 40, a 2008 ya kai jika 55. Za ka iya cewa jika 27 ta yi kaɗan, tunda a 2007 ɗin farashin kasuwar duniya ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma zan ce ka yi gaskiya. Amma tsakanin jika 27 da dala ɗari da biyar akwai tafiya. Ranar da ka je gaban wanda ya san lissafi ka ce mishi dala ɗari da biyar, dariya zai yi maka, kuma daga nan duk gaskiyar da ka faɗa bayanta ta zube. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kamarad.

Ta biyu ta fi ta farko haɗari, ita ce wai duniya ba ta iyawa sai da mu. Ga lissafin 2022, shekarar ƙarshe kafin juyin mulki. Duniya duka ta haƙo kusan tan dubu 50. Kazakistan kaɗai ta fitar da sama da tan dubu 21, fiye da kashi 40 cikin 100 ke nan. Kanada ta bi ta da sama da tan dubu 7, sai Namibiya, sai Ostareliya, sai Uzbekistan, sai Rasha. Nijar ce ta bakwai, da tan dubu 2 da ƴan kai, wajen kashi 4 cikin 100.

Kashi 4 ba abin rainawa ba ne, musamman idan ka duba inda yake zuwa. A wannan shekara Tarayyar Turai ta samu wajen kashi ɗaya cikin huɗu na iraniyom ɗinta daga Nijar, kuma cikin shekaru goma kafin juyin mulki wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da Faransa ke shigowa da shi namu ne, ita da kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake fitowa. Muna da nauyi, amma nauyin da ake iya maye gurbinsa. Shaida ita ce an gwada. Tun bayan 26 ga Yuli 2023, da iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano ta toshe, gangunan sunka taru a Arlit. Mi ya faru a Faransa? A 2024 ta sayar wa maƙwabtanta wutar lantarkin da ba ta taɓa sayar da irinta ba a tarihinta. Suna da ajiya ta shekaru, Orano na da hannun jari a ma'adinan Kanada da Kazakistan, a farkon 2025 kuma ya je ya sa hannu da Mongoliya. Waɗanda sunka kwana cikin duhu mu ne, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023 da sunan takunkumin CEDEAO, tunda a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa.

Domi nake cewa wagga ƙarya ta fi haɗari? Don mai kayan da ya ɗauka babu wani mai irin kayansa a kasuwa ba ya shiri. Ba ya gyara hanya, ba ya neman mai saye na biyu da na uku, ba ya ajiye komai don ranar da kasuwa za ta faɗi. Zama yake ya harɗe ƙafa yana jiran a zo a roƙe shi.

Mi muke sayarwa ma tukuna?

Da yawanmu muna cewa "ƙarfenmu, ƙarfenmu", ba mu san abin da ke cikin gangunan ba. A Arlit sai an fasa tan guda na dutse kafin a samu kilo 2 zuwa 4 na iraniyom. A niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, wanda don haɗa shi ne ake hawa da farar wutar da muke gani, a tace, a busar, sai a samu wani gari rawaya. Shi ake durawa a ganguna. Aikinmu ya ƙare nan.

Wanga gari ba ya kunna ko ƙwan fitila guda. A da, daga Kwatano jirgin ruwa ke kai shi Faransa, a wuce da shi masana'antar Malvési kusa da Narbonne a sake wanke shi, a kai shi Tricastin a mai da shi iskar gas. Cikin kowane kashi 1000 na iraniyom, kashi 7 kawai ne irin wanda ke ba da wuta, sai an juya shi cikin dubban injuna har ya kai kashi 30 zuwa 50 cikin 1000. Sannan a dunƙule shi ƙanana ƙanana, a jera cikin sandunan ƙarfe, a sa a tukunyar nukiliya. Wanga aiki na inganta shi, kamfanoni huɗu ne ke riƙe da kusan dukansa a duniya: na Rasha, na Sin, Orano, da Urenco na Turai. Idan anka lissafa kuɗin wutar da Bafaranshe ke biya a ƙarshen wata, abin da ya faɗa kan garin rawaya ɗan ƙaramin kaso ne.

Ɗan Adar ya san wanga labari ko ba a kai shi lakwal ba. Manomin Galmi shi ke shan rana da ban ruwa, amma farashin buhun albasa a Abijan da Akara ake yanka shi. Sai dai manomin albasa ya fi mu sauƙi ta wani gefe: idan mai saye guda ya yi mishi wulakanci, gobe wani na zuwa, idan ma ta ƙi sai ya yi gabu ya ajiye. Iraniyom ba a kai shi Kasuwar Dole a kasa. Masu sayensa ƙididdigaggu ne, da kwangilar shekaru suke saye, Hukumar Nukiliya ta Duniya na bin sawun kowace ganga, kuma mu ba mu da teku. Ga shi Orano ya kai ƙara kotun sasanta rikicin masu zuba jari, abin da ke sa mai saye ya yi ta waige kafin ya miƙa hannu.

Masu cewa to ai ga Rasha, ga Sin, ina roƙonsu su tuna Azelik. Kamfanin Sin ne ya buɗe wannan ma'adini, ya yi ƴan shekaru kaɗan yana aiki, da farashi ya faɗi ya tsaya. Rasha kuwa ita kanta mai haƙar iraniyom ce, tana da jari a ma'adinan Kazakistan. Duk wanda ya taho, riba ta kawo shi, kuma ba laifi ba ne. Laifin namu ne idan munka sa hannu ba mu karanta ba, ko munka bari anka sa hannu da sunanmu ba a nuna mana ba.

Kasuwar da ke hawa ta sauko

Iyayenmu sun ga zamanin da iraniyom ya yi kuɗi. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kuɗi sunka shigo awa ruwan Agusta. Lokacin ne Yamai ta samu otel Gaweye da Palais des Congrès, lokacin ne anka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, sama da kilomita 600. A 1981 Nijar ta fitar da sama da tan dubu 4, ninki biyu na abin da ta fitar a 2022. Gwamnati ta ci bashi bisa tunanin haka za a dawwama.

Sai farashi ya faɗi. Bashi ya rage a wuyanmu, FMI da Bankin Duniya sunka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, wuƙar kuma ta fara sauka kan lakwal da jami'a da kuɗin tallafin ɗalibai. Kowace shekara muna tunawa da 9 ga Fabrairu 1990, ranar da anka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku sunka rasa rayukansu. Muna jawabi, muna kiran sunayensu. Nawa ne cikinmu sunka san cewa igiyar da ta jawo su kan gadar nan, bakinta guda na ɗaure da farashin iraniyom? Duk ɗalibin da ke ganin zancen ma'adinai na ƴan Agadas ne kaɗai, ya koma ya karanta tarihin ƙungiyarsa.

Abin ya sake maimaituwa da idonmu. A 2007 laba guda, wato ƙasa kaɗan ga rabin kilo, ta haura dalar Amurka 130. A 2009 anka aza tubalin Imuraren da kiɗa da rawa, anka ce tan dubu 5 za a riƙa fitarwa kowace shekara, Nijar ta zama ta biyu a duniya. A watan Maris 2011 hatsarin Fukushima ya auku a Japan, ƙasashe sunka ja da baya ga nukiliya, a 2014 anka jingine Imuraren, a 2016 laba ta faɗo ƙasa ga dalar Amurka 20. A farkon 2024 ta sake haura 100, daidai lokacin da namu ƙarfen ke kulle a Arlit ba hanyar fita. Igiyar ruwa ta bugi gaɓar Japan, lebura a jahar Agadas ya rasa aiki. Ƙasar da ta rataya cikinta ga irin wanga kaya ba tare da rumbun ajiya ba, ta yarda ke nan wasu su riƙa yanke mata ranar cin abinci.

Sai bango ya tsage

Yanzu ga inda za ku fi jin haushina. Duk shekarun nan, Nijar ba ƴar kallo ba ce a cikin ma'adinan. Ta hannun ONAREM da farko, daga baya SOPAMIN, ƙasa na da kusan kashi 37 cikin 100 na SOMAÏR da kashi 31 na COMINAK. Ƴan Nijar ne ke zama a kujerun da ake yanke shawara da sunanmu, ƴan Nijar ne ke sayar da rabon ƙarfen da ƙasa ta ɗauka. Miliyar 300 ɗin da munka ce ta yi kaɗan, ita ɗin ina ta shiga? Wa ya taɓa kawo mana takarda ya ce ga abin da anka samu bana, ga inda ya tafi?

Dokar 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai a mayar wa komin-komin na jahar da anka haƙo su. Ba Faransa ce ke riƙe waɗanga kuɗi ba idan sunka makara, baitulmalinmu ne, kuma magadan garin jahar Agadas sun sha kuka kan bashin da ya taru. Kundin tsarin mulki na 2010, a aya ta 150, ya ce duk wata kwangilar ma'adinai da duk kuɗin da kowane kamfani ya biya ƙasa, a buga su a Journal Officiel kowa ya gani. Nawa anka buga? A 2017, da jaridar Le Courrier ta tono zancen wata hada-hadar iraniyom ta kusan miliyar 200 da ta ratsa ta asusun SOPAMIN a 2011, majalisa ta kafa kwamiti, ƙura ta tashi ta kwanta, a wannan shekara kuma Nijar ta fice daga ITIE, tsarin da ke tilasta bayyana kuɗin ma'adinai, sai a 2020 ta koma.

Ga kuma hanya. A yarjejeniyar 2014 Areva ya yi alkawalin miliyan 90 na kuɗin yuro, wajen miliyar 59 na sefa, don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. Ni na bi wagga hanya zuwa Agadas gaishe da kawuna. Bayan Abalak akwai wuraren da direba ke sauka daga kwalta ya bi rairayi don rairayin ya fi ta daɗi. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi ta salati har muryarta ta dishe. Da munka isa, kawu ya dubi ƙurar da ke kaina ya ce: "Ɗana, ka ga hanyar iraniyom ke nan. Shi da ke cikin ganga ba shi jin girgiza."

Ban ce baƙo ba shi da laifi ba. Cewa nake, sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma bangon namu ne. Yau kundin 2010 ba ya aiki, aya ta 150 ta tafi da shi. SOMAÏR ta zama tamu ɗari bisa ɗari. To yanzu idan kuɗi sunka ɓace, wa za mu zaga?

Wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da wajen tan dubu 75. Ma'aikata wajen 600 sunka rasa aiki, ban da ɗaruruwan leburorin ƴan kwangila waɗanda ba su samu irin sallamar da ma'aikatan kamfani sunka samu ba. Abin da ya rage a Akokan shi ne tudun dusar dutse na wajen tan miliyan 20. Wagga dusa tana riƙe da mafi yawan tururin guba na dutsen asali, tana fitar da iskar radon mai illa ga huhu, kuma dubban shekaru za ta yi tana haka. Kamfanin ya fara aikin rufe ta da laka da duwatsu, aikin da anka ce zai ci shekaru da miliyoyin kuɗi masu yawa.

Tun 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, ke auna ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar Arlit. A ƙarshen 2009 Greenpeace ta auna ruwan sha biyar, huɗu sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kamfanin ya musanta wasu daga cikin sakamakon. Ruwan da ake aikin ma'adinan da shi kuwa na can ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, abin da anka ɗebe ba ya dawowa a zamaninmu.

Ban ji ko mutum guda a fadarmu ya tambayi wanda zai biya wanga aiki yanzu da munka raba gari da Orano ba. Ramukan SOMAÏR da nata tudun dusar su ma sun zama namu tare da injunan. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Shekara hamsin mutanen Arlit da makiyayan Ayar su ne kurar. Idan abin da ya canza kawai shi ne gardin yanzu ɗan gida ne mai jin Hausa da Zabarmanci, bugun da kura ke sha bai ragu ba.

Abin da nake kira gare shi

Na san lokacin da muke ciki. Na san akwai masu ganin duk wanda ya yi tambaya yanzu maƙiyin ƙasa ne. Amsata ita ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ce mini kaya nawa ne, ya ba ni izinin tambayar lissafinsu ke nan. Ga tambayoyin da nake so mu riƙa yi a babban taron ɗalibai, a rediyo, a gaban duk wani babba da ya zo yi mana jawabi:

Tan nawa SOMAÏR ta fitar bana, wa anka sayar wa, jika nawa kilo? Kwangilolin da ake sa wa hannu da sababbin abokan hulɗa, na Dasa da na duk wanda zai gaji Imuraren da Madawela, yaushe za a buga su kowa ya karanta? Kashi 15 na komin-komin, nawa anka biya, nawa ya rage? Wa ke da alhakin tudun Akokan, da wane kuɗi, kuma wa ke auna ruwan Arlit ya faɗa wa masu shan sa sakamako? Idan farashi ya hau, kashi nawa ake ajiyewa don ranar da zai sauko? Waɗanga tambayoyi su ne dai za mu yi kan man Agadem da zinariyar Jado, don ciwon guda ne.

Mu ma akwai namu aiki. Muna da EMIG a Yamai, muna da EMAÏR a Agadas, muna da sassan kimiyyar ƙasa da na shari'a da na tattalin arziki a jami'o'inmu. Kwangilar ma'adinai shafi ɗari ce ko fiye, waɗanda ke zama ɗaya gefen tebur kuma sun yi shekara talatin suna wanga aiki. Taken zanga-zanga ba ya karanta kwangila. Ana buƙatar wanda ya san yadda ake lissafin harajin haƙa, wanda ya iya riƙa na'urar auna tururi ya shiga unguwa, wanda zai zauna ya fassara dokar ma'adinai da Hausa da Tamajak don mai garin da motoci ke ratsa gonarsa ya san haƙƙinsa. Idan ba mu ba, wa?

Kuma don Allah, kafin ka tura wata murya ta WhatsApp gaba, tambayi mai ita inda ya samo lissafinsa.

Abokina mai salula har yau muna shan shayi tare. Na nuna mishi wanga rubutu kafin in kai shi fotokopi. Ya karanta har ƙarshe, ya ce bai yarda da rabinsa ba, zai rubuta amsa a fitowa ta gaba. Na ce mishi bismilla, sharaɗi guda ne: shi taho da lissafi, shi kuma gaya mana inda ya samo shi.